Amsa kan rawar jikin masu zuba jari a kamfanonin gwanjon intanet

Malam ka tambaya wai me yasa masu zuba jari suke ta rawar jiki akan kamfanonin da ke yin gwanjo ta intanet, kowa na cewa zasu bunƙasa, kuma shin zaton nan yana da tushe ko dai kallon kitse ake yi wa rogo. To bari in faɗa maka gwargwadon abin da na sani, dan na daɗe ina bin rahotannin kuɗin irin waɗannan kamfanonin, sai dai ka yi haƙuri amsar zata ɗan yi tsawo.

Zaton yana da tushe, wannan ba shakka. Amma ni a ganina yawancin mutane suna kuskuren gane inda kuɗin yake. Suna ɗauka gwanjon ne, wato a yi ta tayi wani na ɗorawa akan na wani har a sallama wa wanda ya fi. Alhali kowa zai iya rubuta manhajar da zata yi wannan cikin 'yan makonni. Abin da ke da wahalar samu shine taron mutane, mai kaya ya san in ya kawo zai samu masu taya, mai saye ya san in ya zo zai tarar da kaya. Duk wanda ya riƙe taron nan shi ya riƙe kasuwar.

Dole a fara da eBay, dan daga kansa aka fara wannan zumuɗin. Wani injiniyan kwamfuta mai suna Pierre Omidyar ne ya buɗe shi a watan Satumba 1995 a Kalifoniya ta Amurka, lokacin sunansa AuctionWeb. Abu na farko da aka fi ba da labarin an sayar shine wata 'yar fitilar leza irin wadda ake nuna rubutu da ita a allo, kuma ta lalace, amma wani ya saye ta dala 14 da santi 83. Omidyar ya tuntuɓi mutumin yace masa ka dai san bata aiki ko? shi kuma ya nuna masa ai shi lalatattun yake tarawa. Labarin kamar na wasa amma duk sana'ar tana cikinsa: kayan da a unguwarku bola za a kai shi, akwai wani can a wata uwa duniya da yake nemansa ruwa a jallo, aikin shafin kawai ya haɗa ku.

Yanzu kalli abin da ɗan jari ya gani a 1998. Kamfanonin intanet na lokacin kusan dukkansu asara suke tafkawa, Amazon ma sai a 2003 ya fara rufe shekara da riba, saboda shi sai ya sayi kaya, ya gina sito, ya ɗauki masu ɗaure kaya, in kaya sun yi kwantai shi zai kwana a ciki. Shi kuwa eBay dillali ne zalla. Baya sayen komai, baya ajiye komai, ko ganin kayan baya yi. Mai kaya ne zai ɗauki hoto, ya rubuta bayani, ya ɗaure ya kai gidan waya, kamfani kuma ya karɓi kuɗin kasa kaya da la'adarsa in ciniki ya faɗa. Har aikin tantance masu gaskiya ma jama'a ya bar wa, tun 1996 aka sa tsarin da mai saye da mai sayarwa zasu rubuta shaida akan juna, kaga mutum in ya shekara uku yana tara shaidar kirki ba zai so ya tashi ya koma wani shafin ya fara daga sifili ba. Shi yasa da aka kai kamfanin kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Satumba 1998, 'yan watanni bayan Meg Whitman ta karɓi shugabanci, aka sa hannun jari ɗaya akan dala 18, kafin a tashi kasuwa ran farko ya haura dala 47.

Amma ka ji lissafin. A duk shekarar 1998 kuɗin da ya shigo wa eBay wajen dala miliyan 47 ne, ribar kuma bata kai miliyan 3 ba. A 1999 kasuwa ta yi wa kamfanin kuɗi sama da dala biliyan 20. Wato mutane na biyan ninkin ribar shekara sau dubbai. Duk mai hankali a lokacin cewa yake hauka ne, kuma wallahi in ka kalli lambobin a takarda hauka ɗin ne. Sai dai a wannan karon masu zumuɗin basu ji kunya ba, dan a shekarar 2000 Whitman ta yi alƙawarin kuɗin shiga zai kai dala biliyan 3 nan da 2005, mutane suka yi ta dariya saboda a shekarar bai kai rabin biliyan ba, sai gashi an kai tun a 2004. Kuma fa a tsakanin nan ne kasuwar Nasdaq ta yi mummunar faɗuwar nan, daga sama da maki 5,000 a Maris 2000 ta zubar da kusan kashi 78 cikin 100 zuwa Oktoba 2002, ɗaruruwan kamfanonin intanet suka mutu murus, eBay yana nan yana ƙirga riba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa taron ne jarin ita ce abin da ya faru da manyan da suka shigo daga baya. Yahoo ya buɗe nasa gwanjon, da farko ma kyauta, ba la'ada. Amazon ya buɗe nasa a Maris 1999. Dukkansu sun fi eBay suna da kuɗi da yawan masu ziyara. Ko a Yunin 1999 da shafin eBay ya ɗauke kusan awa 22 cur, masu kaya suna ta zage-zage, da aka dawo ai nan suka koma, saboda mai sayarwa gara ya biya la'ada a inda mutum ashirin zasu yi rububin kayansa da ya kasa kyauta a inda mutum biyu ne zasu leƙo. Yahoo dai ƙarshe rufe na Amurka ya yi a 2007.

To amma wannan takobin kaifi biyu gare shi, kuma nan ne masu kyakkyawan zato suka fara yin tuntuɓe. Sun ɗauka tunda eBay ya ci Amurka to duniya ma tasa ce. A Japan, Yahoo Japan ya riga shi buɗewa a 1999 da 'yan watanni kacal, wanda ya riga ka barci kuwa dole ya riga ka tashi, eBay ya yi ta fama har ya tattara ya fita a 2002. A Sin abin ya fi ciwo, dan can shi ne ma a gaba, ya sayi EachNet wanda ke riƙe da kasuwar, sai Alibaba ya fito da Taobao a 2003, kasa kaya kyauta, ga hanyar da mai saye zai yi hira da mai kaya su daidaita, ga Alipay da ke riƙe kuɗi sai kaya sun isa hannu kafin a sakar wa mai kaya. Zuwa ƙarshen 2006 eBay ya rufe shafinsa na can. A inda ya yi nasara a waje, yawanci saye ya yi, kamar Alando a Jamus a 1999, ko kuma ya shiga da jari kamar yadda ya yi da MercadoLibre na Ajantina a 2001. Ma'ana taron nan baya ƙetare iyaka da kansa, kowace ƙasa sai an sake tara shi, kuma in kasuwar bata gama cika ba wani na iya ƙwace ta.

Sai babban abin da kusan kowa bai hango ba, shi gwanjon kansa mutane sun gaji da shi. Bari in nuna maka yadda yake. Ka ga wani tsohon agogo an kasa na kwana bakwai. Sai ka rubuta wa kwamfuta cewa iyakarka dala 100, ita kuma ba zata bayyana ba, in wani ya taya 60 sai ta ɗora maka 61, haka zata yi ta kare ka har a kai iyakar. Ka kwana shida kana leƙawa kai ne a sama, har ka fara tunanin hannun da zaka ɗaura shi, saura daƙiƙa biyar a rufe wani da ya laɓe tun farko ya jefo 102, kafin ka sake loda shafin an gama. A shekarun farko wannan bugun zuciyar shine daɗin abin, mutane na zama har tsakar dare kamar masu kallon ƙwallo. Amma akan agogon da babu irinsa ne zaka jure. Waye zai jira sati guda akan cazar waya da ya san farashinta kuma akwai dubunta a wani shafin? Amfanin gwanjo guda ɗaya ne, gano farashin abin da ba a san farashinsa ba. Da intanet ta girma, binciken farashi ya zama na minti ɗaya, sai yawancin kaya suka daina buƙatarsa. eBay da kansa ya gane, tun ƙarshen 2000 ya sa maɓallin saye nan take akan tsayayyen farashi, kuma a hankali wannan ya cinye kasuwar, yau wajen tara cikin goma na cinikin eBay ba gwanjo bane. Kaga kenan da ya koma tsayayyen farashi ya shiga filin Amazon, inda saurin kai kaya da sito ke magana, abubuwan da a da ake yabonsa dan bashi da su.

Kasuwa ta fara farga a Janairu 2005, rahoton kuɗin eBay ya fito ya ɗan gaza abin da ake tsammani, a yini ɗaya hannun jarin ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A shekarar ne kuma suka sayi Skype akan dala biliyan 2.6 da tunanin masu ciniki zasu riƙa kiran juna, abin da bai yiwu ba, a 2007 suka amsa cewa sun yi tsada suka rubuta asara mai yawa. Wanda ya sayi hannun jarin a ƙarshen 2004 akan kusan dala 59, a farkon 2009 yana kallonsa a wajen dala 10, duk da dai rikicin tattalin arzikin 2008 ya taimaka. Kamfani na riba duk tsawon lokacin nan fa, ba wai ya durƙushe ba. Abin da ya ceci masu haƙuri shine PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, da eBay ya saya a 2002 akan dala biliyan 1.5, wanda da aka raba su a 2015 ya fi uwar tasa daraja a kasuwa. Abin dariya, an zuba jari dan gwanjo, aka ci riba a harkar biyan kuɗi.

Kuma kar ka manta muna maganar wanda ya rayu ne. Onsale da ya fara tun 1995 ya haɗe da Egghead, a 2001 suka karye. Swoopo na Jamus, masu gwanjon nan da sai ka biya kuɗi akan kowane tayi ko ka ci ko baka ci ba, wanda ni dai a wurina ɗan'uwan caca ne, ya rufe a 2011. Auctionata mai gwanjon kayan tarihi da zane-zane kai tsaye ta bidiyo ya tara jari mai yawa ya karye a 2017, Paddle8 ya bi sahu a 2020. Kowannensu akwai lokacin da ake cewa shine gobe.

To ina gwanjon yake da rai har yanzu? Inda abubuwa biyu suka haɗu: kayan babu biyunsa, kuma mai shi dole ne ya sayar. Misalin da na fi so shine Copart, wanda ba kasafai ake kawo shi a hirar fasaha ba saboda sana'arsa ba ta burgewa, motocin da suka yi haɗari yake gwanjo. Willis Johnson ya fara shi a 1982 da fili guda a Kalifoniya, a 2003 ya mayar da gwanjon gaba ɗaya intanet. Ka ɗauka mota ta daki wata, kamfanin inshora ya aiko mai dubawa, ya lissafa yaga gyaran ya kusa kuɗin motar, sai ya biya mai ita ya karɓi gawar. To me kamfanin inshora zai yi da mota mai murƙushasshen gaba? Bashi da wurin ajiya, kuma kullum sai an kawo masa wasu. Sai a ja ta zuwa filin Copart, a rubuta mata lamba a gilashi, a ɗauke ta hoto ta kowane ɓangare har da mitar tafiya da cikin inji, a sa ranar gwanjo. Babu wanda zai iya ce maka ga farashinta, dan babu motoci biyu da suka daku iri ɗaya. Mai sayar da kayan gyara yana lissafin inji da giya da ƙofofi, bakanike a wata ƙasa inda kuɗin aiki ke da sauƙi yana lissafin tada ta ta koma titi, mai narka ƙarfe yana lissafin nauyi, cikin ƙasa da minti ɗaya an buga an wuce ta gaba. Kamfani kuma ya ci kuɗi a hannun mai sayarwa, ya ci a hannun mai saye, har da na ajiya in ka yi jinkirin ɗauka.

Abin da ya sa 'yan jari ke son irin wannan, bayan taron masu saye daga ƙasashe da yawa, akwai filaye. Copart yana da wurare sama da 200, kuma samun ƙaton fili kusa da babban birni da izinin jibge matattun motoci ba abu ne mai sauƙi ba, babu unguwar da ke maraba da shi. Yaro mai kwamfuta ba zai kwaikwayi wannan a ɗakinsa ba. Sannan motocin yanzu cike suke da kyamarori da na'urori a bamba da madubi, ɗan bugu kaɗan kuɗin gyara ya yi sama, sai inshora ta gwammace ta biya ta sallama motar, kaga kaya na ƙaruwa. A Amurka kusan su biyu ne ke riƙe da harkar, shi da IAA, wanda Ritchie Bros na Kanada, masu gwanjon katafila da manyan injinan gini, suka saya a 2023 akan wajen dala biliyan 7. Amma nan ma akwai inda ake jin tsoro, masu kawo kayan 'yan manyan kamfanonin inshora ne ƙalilan, guda ɗaya in ya juya akalarsa zuwa wajen kishiya sai an ji a jika, kuma in motoci masu taka birki da kansu suka rage haɗari sosai to hajar ce zata ragu.

Zagaye na baya-bayan nan na zumuɗi lokacin korona ne. An rufe zaurukan gwanjo, dillalan motoci sun kasa haɗuwa, manyan gidajen gwanjo irin Sotheby's da Christie's suka koma intanet, a Maris 2021 Christie's ya sayar da wani zanen kwamfuta na mai zane Beeple akan dala miliyan 69. A watannin nan ne ACV Auctions mai gwanjon motoci tsakanin dillalai ya shiga kasuwar hannun jari a Amurka, Auction Technology Group kuma a Landan. Kowa ya ja layi daga cinikin shekarar ya miƙe shi sama kamar haka za a dawwama. Da aka buɗe gari, kuma babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a 2023, sai lissafi ya canza, dan wanda ya sayi kamfani saboda ribar da zai yi nan da shekara goma, ribar nan tana rage daraja a yau in kuɗin ruwa ya hau. Shi kansa eBay cinikin da ya bi ta kansa ya sauko daga wajen dala biliyan 87 a 2021 zuwa wajen 73 a 2023.

Wannan lambar ta kawo ni kan abin da nake so ka riƙa dubawa in an kawo maka irin wannan kamfanin ana kurantawa. Zasu fara da jimillar cinikin da aka yi a shafinsu saboda ita ce ƙatuwar lamba, to ba kuɗinsu bane, na masu kaya ne. A waccan biliyan 73 ɗin abin da ya shiga aljihun eBay wajen biliyan 10 ne, kusan kashi 14 cikin 100, har da kuɗin talla a ciki. Sai ka tambaya, in kuɗin shigarsu na hawa, ciniki ne ke ƙaruwa ko la'ada suke ƙarawa? Na biyun yana da iyaka, ranar da masu kaya suka ji an matse su zasu fara neman wata ƙofa. Ka duba cikin kaya goma da aka kasa nawa ake sayarwa, dan shafin da kaya ke ƙarewa ba mai taya to kasuwar ta fara watsewa ko da lambobin sama na sheƙi. Ka duba nawa suke kashewa a talla kafin su jawo mai saye guda, in taron gaske ne da kansa yake zuwa, in kuwa an daina talla an daina shigowa to haya suke yi. In kuma ka ga kamfani ya fara sayen kaya da kuɗinsa yana gwanjonsu, ya tashi daga dillali ya koma ɗan kasuwa, kar ka biya shi farashin dillali.

Sai maganar amana, wadda bata fitowa a jadawali sai ta ɓaci. Akwai mai kaya da zai buɗe asusu na biyu ko ya sa abokinsa ya riƙa tayin ƙarya dan a tunzura farashi, abin nan da malaman fiƙihu ke kira najashi, ga jabun kaya, ga wanda zai ci gwanjo ya ƙi biya. Duk wanda aka cuta sau ɗaya akan kaya mai tsada ba lallai ya dawo ba. Shi yasa eBay yanzu yake sa agogo da takalma da jakunkuna masu tsada su fara biyawa ta hannun masu tantancewa kafin su isa ga mai saye, wanda ke nufin ma'aikata da gine-gine da kuɗin aike, wato dai irin ɗawainiyar da a 1998 aka ce bashi da ita.

Na ƙarshe shine farashin da kai zaka saya. Misali kawai, in kamfani na cin ribar dala 1 akan kowane hannun jari ka saye shi dala 60, kuma ka san in ya gama girma kasuwa ba zata biya fiye da ninki 20 ba, to sai ribar ta ninka sau uku kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai. Ninki uku cikin shekara biyar yana nufin girman kusan kashi 25 cikin 100 duk shekara ba fashi. Ɗauki biro ka yi wannan lissafin akan kamfanin da ake maka tallarsa, sannan ka buɗe rahotonsu na shekara ka nemi shafin da suka jera haɗurran sana'arsu, a nan zaka ga ko kashi nawa na kayansu ke fitowa daga hannun masu kawowa biyu ko uku.